Wanda Ya Zauna a Bakin Tabarma

Kuɗi kaɗai ba sa shigar da mutum zaurenmu. Sai an san rijiyar da aka ɗebo ruwan wankanka ranar suna, an san gonar da ubanka ya gada, an kuma sami mutum biyu da za su miƙe su ce sun san ka tun kana yawo ba wando. Haka na tarar da dokar a shekarar 1982, lokacin da na sauka Tasawa ina ɗan shekara goma sha bakwai, da 'yar jakar kaba a rataye da wasiƙar ajami da mahaifina ya ba ni in kai wa telan da zai koya mini ɗinki.

Wanda bai san ƙasar ba zai yi dariya in ya ji ana maganar baƙunci tsakanin Mayahi da Tasawa. Mai jaki in ya yi sammako daga ƙauyenmu, kafin a watse daga sallar isha'i ya fara jin ƙamshin tsiren bakin tasha. Harshenmu ɗaya, tuwonmu ɗaya, Maraɗi ce uwar ɗakinmu duka. Amma Tasawa birni ce. Tana kan babbar kwaltar da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, tana da kasuwar Lahadi mai tara Buzaye da Fulani da fataken Katsina da na Daura. Mutanenta kuma suna ji da tarihinsu. Kafin ka ajiye kwanon ruwa an gaya maka Baturen nan matafiyi, Barth, ya sauka garin a 1851. An gaya maka a nan kusa, a Maijirgi, sojojin Voulet da Chanoine suka juya wa iyayen gidansu bindiga a 1899, bayan ɓarnar da suka taho suna yi tun daga yamma. Mu kuwa da muka fito daga bakin Gulbin Kaba, 'yan kaba ake ce mana, don abin da aka san mu da kawowa kasuwa ke nan: tabarmi, igiyoyi, goriba. Ana faɗa ana dariya, mu ma muna taya su, amma maganar tana kwana a cikinmu.

Zauren na wani dattijo ne ɗan ƙasarmu, dillalin tabarmi, wanda ya zo Tasawa tun zamanin Diori Hamani. Sarkin Zaure muke ce masa, ko da yake ba wanda ya taɓa naɗa masa rawani. Ginin ƙasa ne mai rufin azara, da randa a kusurwa, da fitilar ƙwai a rataye, da rediyo da aka ɗinka wa riga don ƙura. Ba allo a ƙofa, ba suna a bango. Wanda ya san wurin ya san shi.

Daren da aka kai ni, maigidana tela ne ya tsaya mini, shi da wani mai gyaran keke daga ƙauyen da ke maƙwabtaka da namu, don doka ta ce ɗaya daga cikin biyun kada ya zama danginka. Na durƙusa a tsakiya, gwiwoyina suna rawa.

"Yaro, ɗan wa ne kai?"

Na faɗa.

"A wane gefen gulbi gonarku take?"

Na faɗa. Sai wani tsoho daga can cikin duhu ya yi gyaran murya ya ce, "Ashe jikan mutumin nan ne da kawuna ya kayar a kokowar kaka, har gurunsa ya tsinke." Zaure ya ɗauki dariya. Ban san da wannan dariyar aka karɓe ni ba sai da maigidana ya taɓa ni ya ce in miƙa abin da na zo da shi: jika guda, goro hamsin da sukari kai ɗaya. Daga ranar, kowace Juma'a da dare zan zuba dala goma, wato tamma hamsin, kuma ni ne autan zaure, mai shimfiɗa tabarmi da naɗe su.

Muna da ma'aji, wani mai kanti da ya yi karatun allo mai zurfi, yana rubuta shiga da fitar kuɗi da ajami a wani kaye mai baƙin bango. Muna da magatakarda, tsohon ɗan lakwal, shi kuma yana rubuta nasa da Faransanci. Ƙarshen wata a haɗa littattafan biyu. In suka saɓa ko da dala ɗaya ce, ba mai tashi sai an gano inda ta maƙale. Akwai alƙali mai yanka tara. Wanda ya makara, dala biyar. Wanda aka yi wa ɗan zaure rasuwa bai je gaisuwa ba, dala ashirin da goro. Wanda ya kai ƙarar ɗan uwansa gaban hukuma ba tare da ya fara kawo maganar zaure ba, a ɗauke masa tabarma wata uku.

Dokar da ta fi kowace ƙarfi kuwa ita ce ba a maganar mulki. Zamanin Seyni Kountche ne, wanda ya karɓi ƙasa a watan Afrilun 1974, kuma kowa ya yi imani bango yana da kunne. Taron da gwamnati ta sani shi ne na samariya. Can muke zuwa da rana, mu buga tubalin ajin makaranta, mu share hanya in babban baƙo zai zo, mu yi wa sarkin samari biyayya. Namu kuwa, Sarkin Zaure ya gaya wa mai unguwa hira ce kawai da ɗan adashi. Na tuna daren da rediyo ta kawo labarin yunƙurin juyin mulkin Bonkano, a watan Oktoban 1983. Mutum fiye da ashirin a zaune, ba wanda ya ce uffan. Da aka gama labarai, Sarkin Zaure ya kashe rediyo ya ce, "A zuba shayi na biyu."

Daren Talata ya fi kowane dare daɗi, don ranar Litinin kasuwar Mayahi ke ci, washegari kuma waɗanda suka je sun dawo da labari. A nan za ka ji an yi ruwa a Kanan Bakashe amma bai kai Isawan ba, ka ji wance ta haihu, ka ji rijiyar wane ta rufta. Wasiƙu suna fitowa daga aljihu, ƙullin daddawa da na kuka suna fitowa daga buhu, kowa da saƙon uwarsa. Wanda aka kawo daga ƙauye ba shi da lafiya, a zauren yake kwana kafin a ga likita, matan 'yan zaure suna karɓa-karɓar kai masa kunu. Wanda ya rasu, mu ke wanka, mu ke haƙa. Ranar sallah mu fita jere cikin riguna iri ɗaya, waɗanda ni da maigidana muka kwana bakwai muna ɗinkawa, mu bi gidajen juna har la'asar. Lokacin kokowar ƙasa kuwa, wadda aka fara a Tawa a 1975, kunnuwa duk suna jikin rediyo, tsofaffi suna ba mu labarin ɗan kokowa Kantu kamar tare suka yi wasan ƙasa. Sauran darare dara ce da karta da gardamar wanda ya fi iya noma.

Abin da ban lura da shi ba sai da na girma shi ne, a gida ba mu taɓa kiran kanmu 'yan Mayahi ba. Kowa ɗan ƙauyensu ne. Ƙauyenmu da na mai gyaran keken nan sun shekara ashirin ba sa ga maciji saboda wata fadama, samarinmu ba sa zuwa zance can sai da sanda. Rabinmu ma ba su taɓa kwana a garin Mayahi ba. Tasawa ce ta haɗa mu ta ba mu suna ɗaya, mu kuma muka rungume shi, muka yi masa ƙofa, muka sa masa mai gadi.

A bakin wannan ƙofar Mai Buta yake zama. Ba zan faɗi sunansa ba, don wataƙila yana da 'ya'ya a wani wuri. Ɗan dako ne a kasuwa, dogo, mai sanyin magana, ya girme ni da kamar shekara goma. Uwarsa 'yar wani ƙauye ce da ke kallon namu, amma ubansa daga Damargu ya zo, shi kuma a Tasawa aka haife shi. Dokar zaure ta wajen uba take bin asali. Saboda haka ba ya zubi, ba a cin sa tara, ba ya magana in ana shawara. Wurinsa yana daidai inda tabarmar ƙarshe ta ƙare, da murhun waya da 'yar buta shuɗiya da finjalai a faranti. Ba wanda ya ɗauke shi aiki. Ya zo ne wata rana raka wani, ya ga yadda ake dafa shayin ya ce wannan ai cin zalin ganye ne, ya karɓi butar, bai sake ajiye ta ba. Yakan ɗaga hannu sama ya tsiyayo shayin kamar zare, kumfa ta hau rabin finjali, ko ɗigo bai zuba ƙasa ba. Ya san wanda ba ya son sukari da yawa, ya san wanda na farko ke hana shi barci. Ya fi mu duka sanin sunayen rijiyoyin ƙasarmu, don a bakin uwarsa ya haddace su.

Ni kuwa ƙanena yake ce mini. Watannin farko da maigidana ba ya ba ni ko tamma, sau da yawa in an tashi yakan ce, "Ƙanena, biyo ni, akwai sauran tuwo." Matarsa ta san ba saura ba ne, nasa ne ya raba biyu.

Sai daminar 1984 ta ƙi. Gero ya fito ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Tun watan Afrilun shekarar Najeriya ta rufe iyakarta, hanyar da garin rogo da masara suke shigo mana, ita ce kuma hanyar 'yan cin rani. Shi ya sa har yau mutanenmu suke kiran wannan yunwa El Buhari, da sunan shugaban Najeriya na lokacin. Kafin sanyi ya fita, mutanen arewa sun fara gangarowa, wasu da ragowar dabbobin da ƙashi kawai ya rage musu, wasu da tabarma da tukunya. A ƙauyuka mata suna kwana suna jiƙa dilo don ɗacinsa ya fita, ana cin jiga, ana daka ƙwallon goriba. Zaurenmu ya cika da baƙi har soro na biyu. Mahaifiyata da ƙannena uku suka iso wata ranar Laraba, na ba su ɗakina na koma kwana a shago ƙarƙashin keken ɗinki.

Sarkin Zaure mutum ne mai hangen nesa. Tun da kaka ya sa aka fasa asusu aka sayi buhunan gero aka kulle a ɗakinsa. Da bazara ta matso, aka yanke cewa duk Juma'a za a auna wa kowane mai suna a littafi tiya kaɗan. A Juma'a ta biyu ne, bayan an sha na farko, Mai Buta ya ajiye butarsa ya matso tsakiyar tabarma, wurin da bai taɓa takawa ba sai in zai miƙa finjali. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ina roƙon a rubuta ni. Kuɗin shiga da na zubin baya duk zan biya in Allah ya kawo sauƙi."

Aka ce ya ɗan ba mu wuri. Ya fita ya tsaya a waje.

Gardama ta yi zafi. Wasu suka ce wanda ya shekara shida yana shayar da mu ai ya fi wasu masu suna zama ɗan zaure. Wasu suka ce in aka buɗe wa ɗan mace ƙofa yau, gobe rabin Tasawa za su tuno kakanninsu mata 'yan bakin gulbi ne. Alƙali ya ce ba a canza doka ranar da ake bukatarta. Da abin ya ƙi ƙarewa, Sarkin Zaure ya ce kowa ya faɗi tasa, daga babba zuwa ƙarami. Ina zaune ina lissafi a zuci, ba na ƙuri'a ba, na tiya: in aka ƙara suna ɗaya, nawa zai ragu a kwanon uwata. Da aka zo kaina, bakin ya rabu kusan daidai. Dattijon ya ce, "Auta, kai fa?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, doka doka ce."

Ba zan ce maganata ce ta yanke hukunci ba, don ba a yanka da bakin auta. Amma na faɗe ta, kuma ƙofar zauren ba ta da ƙyaure mai kauri.

Aka kira shi aka gaya masa cikin lafazi mai taushi. Ya ce, "Ba komai, Baba. Allah ya sa haka ya fi alheri." Ya koma wurinsa ya hura gawayi, ya dafa na biyu, ya dafa na uku, ya miƙo mini nawa da hannunsa kamar kullum. Ya wanke finjalan ya kife su. Daga baya na ji Sarkin Zaure ya aika masa da nasa kason duka a daren, wasu mutum huɗu ma sun bi dare sun kai masa abin da ya sawwaƙa. Ni ban je ba. Kunya ta hana ni a daren farko, a na biyu kuma kunyar rashin zuwa a na farko.

Bayan kamar kwana goma ya kwashi matarsa da 'ya'yansa biyu suka yi kudu ta wajen Hawan Dawaki, ta hanyar daji da masu fasa-ƙwauri suke bi. Butar ya bar ta a zaure. Ba a daɗe ba, a watan Mayun 1985, Najeriya ta sake korar baƙin da ba su da takardu. Duk motar da ta sauke mutane a tasha sai na je na duba. Wani ya ce ya gan shi a Kano yana tura ruwa, wani ya ce a Daura. Ban sake sa shi a ido ba.

Da aka sami damina mai kyau, aka buɗe iyaka a 1986, Sarkin Zaure da kansa ya tayar da maganar, aka gyara doka: ɗan mace ma ɗa ne. Ba wanda ya yi gardama, don a lokacin gyaran ba ya rage wa kowa tuwo. Zauren ya ƙara 'yan shekaru da ƙarfinsa. Abin da yunwa ba ta yi masa ba, siyasa ta yi. Bayan taron ƙasa na 1991 jam'iyyu suka shigo, wannan Nasara, wancan Rahama, wancan Tarayya, dokar hana maganar mulki ta zama abin dariya, mutanen da suka haƙa kabari tare suka daina gaisawa. Karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994 ta cinye rabin abin da ke asusu. Dattijon ya rasu a shekarar da ta biyo, magada suka mai da zauren shago. Samarin da suka taso bayanmu suka kafa fada-fada a bakin titi, kowace da sunanta a rubuce a bango, ba mai tambayar ka rijiyar garinku. Yau kuma labarin ruwan sama a Kanan Bakashe yana iso ni ta waya kafin ƙasa ta bushe.

Abin da ya tono mini wannan duka, ɗan ƙanwata ne da ke aiki a Landan. Ya kira ni bara yana dariya ya ce, "Kawu, na ga zaurenku a ƙasar Turawa." Wani abokin aikinsa ne ya gayyace shi cin abinci a wani gida da ake kira Caledonian Club, wanda mutanen Sikotlan mazauna Landan suka kafa tun 1891. Ya ce ba a shiga sai wasu 'yan ciki biyu sun tsaya maka, akwai kuɗin shiga da na shekara, akwai dokar tufafi. Duk ranar 25 ga Janairu suna taruwa don tunawa da mawaƙinsu Robert Burns, maza su ɗaura zanen gargajiyarsu mai ratsi-ratsi iya gwiwa, a busa algaitarsu mai salka, a shigo da tumbin tunkiya da aka cusa wa kayan ciki da hatsi ana yi masa kirari. Alhali ƙasarsu da Ingila a haɗe suke tun 1707, jirgin ƙasa kuma yana kai su gida a yini ɗaya har da saura. Na ce masa ai mu ma tafiyar jaki ce ta raba mu da gida. Ya ce ya ji da can sai mai jinin ƙasar ake karɓa, yanzu sun sassauta, duk mai alaƙa ta kusa da ita yana iya nema.

Na ce, "To, wa ke dafa musu shayi?"

Ya ce, "Kawu, ma'aikata mana." Bai gane tambayar ba, ni kuma ban yi masa bayani ba.

Ba na cikin masu zagin irin waɗannan wurare. Zauren nan ya rufa mini asiri ina yaro, ya yi mini aure, ya binne mahaifiyata, ya ciyar da ƙannena a shekarar da mutane suka ci ganye. Da ba shi da ƙofa, da geron bai kai ko'ina ba. Alƙali bai yi ƙarya ba. Sai dai mu da muka auna mutum da kabarin kakansa, mun manta mu auna shi da shekara shida na gawayi da hayaƙi a ido.

Watanni kaɗan da suka wuce, ɗan marigayi ma'ajinmu yana kwashe kayan ubansa ya ci karo da kayen nan mai baƙin bango, ya kawo mini don ya san ni kaɗai na rage a garin. Na sa tabarau na zauna a ƙofar shago ina bin ajamin da yatsa. A gefen shiga ga sunayenmu, kowa da dalarsa goma, wani mako akwai ka, wani mako ka yi tafiya. Nawa ya ɓace wata biyu lokacin da na yi ciwon shawara. A gefen fita kuwa, layin farko na kowane mako iri ɗaya ne: an ba wane kuɗin ganye da sukari da gawayi. Na bi shafi bayan shafi, tun daga 1979 har zuwa wata Juma'a a bazarar 1985, ban sami mako ɗaya da babu shi ba. A duk littafin da muka ce ba za a rubuta shi a ciki ba, ba sunan da ya kai nasa yawa.